Akwatin Fentin Ruwa na Cotman: Yadda Ya Yi Mini Aiki a Duwatsun Shere da Tsaunin Mambila

Na daɗe ina zana duwatsu da kwazazzabai daga hotunan waya ina zaune a ɗaki, kafin na yarda cewa hoto ba ya riƙe launin dutse yadda ido ke ganinsa da hantsi. Abin da ya hana ni fita tun farko shi ne nauyin kaya, domin duk wanda ya taɓa hawa tsauni da katakon jingina zane da kwalaben fenti ya san cewa kafin ya kai sama ƙarfinsa ya ƙare, hasken da ya fito nema kuma ya sauya. Wannan ne ya sa na sayi ƙaramin akwatin fentin ruwa na kamfanin Winsor & Newton, wanda ake sayarwa da sunan Cotman Sketchers' Pocket Box, na kuma gwada shi a wurare biyu da yanayinsu ya sha bamban.

Akwatin na farar roba ne, bai fi tafin hannu ba, yana shiga aljihun kaftani ba tare da ya ja shi ƙasa ba. A cikinsa akwai ƙananan dunƙulen fenti guda 12 da ɗan siririn buroshi, murfinsa kuma shi ne farantin haɗa launi. An kafa kamfanin a Landan a shekarar 1832, sunan Cotman kuwa an ɗauko shi ne daga John Sell Cotman, wani mai zanen shimfiɗar ƙasa na Ingila da ya rasu a 1842. Rukunin fentin Cotman na ɗalibai ne da masu koyo, saboda haka an maye gurbin wasu launuka masu tsada da makamantansu masu sauƙi, shi ya sa kuɗinsa bai kai na rukunin ƙwararru ba. Wani abin da ya faranta mini rai shi ne sanin cewa abin da ke riƙe fentin ruwa ya manne a takarda ƙaro ne, irin na dakwara da ake tsinta a Sudan da Chadi da kuma Borno da Yobe da Jigawa, wanda malamanmu suka daɗe suna haɗa tawada da shi.

Gwajin farko a duwatsun Shere na yi shi, gabas da Jos, inda ƙololuwa mafi tsayi ta kai kimanin mita 1,829. Lokacin hunturu ne, ciyawa ta bushe ta koma ruwan ɗorawa mai duhu, manyan duwatsu sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. A nan ne na gane darajar launukan ƙasa guda uku da ke cikin akwatin, wato mai kama da yumɓu, da mai kama da jar ƙasa, da mai duhu kamar ƙasar fadama. Idan aka haɗa na jar ƙasar da shuɗi mai zurfi ana samun ruwan toka mai rai, wanda ya dace da jikin waɗannan duwatsu fiye da duk wani baƙi da aka tsarma da ruwa. Babu baƙin fenti a cikin akwatin, kuma ban yi kewarsa ba ko sau ɗaya. Na zauna a kan wani fa ina kallon inuwar da ke ƙarƙashin wani dutse mai tsaguwa a tsakiya, na ga ashe inuwar ba baƙa ba ce, akwai shunayya a cikinta, bakinta kuma yana ɗauke da jan da ƙasa ta mayar masa. Ɗigon ja mai duhu a cikin shuɗin ya ba ni ita daidai.

Iskar hunturu ita ce babbar jarrabawa. Ruwa yana bushewa a kan takarda kafin mutum ya sake tsoma buroshi, har ya bar layi a tsakiyar sararin samaniya. Ɗan buroshin da ke cikin akwatin an yi shi ne domin ƙananan abubuwa irin su reshe da tsaguwar dutse, don haka duk mai son shafa sama ko nesa da hazo ya lulluɓe sai ya tafi da babban buroshi mai ɗaukar ruwa sosai, ya kuma juya baya ga iska. Takarda ma tana da nata hukunci. Wadda na fara saya a wani shago, da aka tabbatar mini ta fentin ruwa ce, ta lanƙwashe ta yi tudu da kwari da zarar ta jiƙe. Sai da na koma mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, sannan na ga ainihin abin da fentin zai iya.

A Mambila al'amarin ya juye. Na bi hanyar Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, gandun da ya fi kowane girma a Najeriya kuma a yankinsa ne Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake, sannan mota ta kama hawan nan mai lanƙwasa har sama. A can damshi ne ke mulki, takarda takan daɗe ba ta bushe ba, hazo yana sauka kan tudu ya tashi cikin 'yan mintoci, shanun Fulani suna bayyana suna ɓacewa a cikinsa. Jinkirin bushewar ya zama alheri, domin launuka suna narkewa cikin juna su ba da taushin nesa. Sai dai kore yana buƙatar hankali: akwai iri biyu a akwatin, ɗaya mai kaifi ne ƙwarai, idan aka shafa shi yadda yake sai ciyawar tudu ta fito kamar fentin ƙofa. Da na riƙa karya shi da ɗan jar ƙasa, sai ya ba ni koren bishiyoyin turare da aka dasa a gefen ƙauyuka, ya kuma bambanta su da koren ganyen shayi na gonakin Kakara.

Ina yawan tuna cewa zanen fentin ruwa da mai zane Thomas Moran ya yi a yankin Yellowstone na Amurka a 1871 yana cikin abubuwan da suka ja hankalin majalisar dokokin Amurka ta keɓe wurin a matsayin gandun daji na ƙasa a 1872, kuma ina jin takaicin yadda tsaunukanmu ba su sami masu zana su da yawa ba. Ga ɗalibin zane ko ma'aikacin da ke fita ƙarshen mako, wannan akwati ya isa a fara da shi. Wanda ke zane domin sayarwa, yana son launi mai zurfi sosai, zai so ya ƙara kuɗi ya sayi rukunin ƙwararru, kuma dunƙulensu suna shiga wannan akwatin. Bayan tafiyoyin nan biyu, mai kama da yumɓun da shuɗin mai zurfi ne suka fara yin rami a tsakiya, kuma tun da ana sayar da kowane launi shi kaɗai, su biyun kawai zan sabunta kafin damina ta faɗi.