Murhun banda na gawayi: nama ya yi, amma ma'auninsa ya kunyata ni

Wata uku wannan murhu ya yi a gareji cikin kwalinsa, sai Asabar ɗin da ta wuce na yi ta maza na haɗa shi. Irin dogon nan ne mai siffar harsashi da mutanen birnin Houston na jihar Texas a Amurka ke ce wa sumoka: kaskon gawayi a ƙasa, kwanon ruwa a tsakiya, wayar ɗora nama hawa biyu, sai murfi mai ma'aunin zafi a goshinsa. Ba sai na faɗi inda na saya ko nawa ba, duk mai leƙa sashen kayan gashi ya san shi, ya kuma san ba cikin masu tsada yake ba.

A zatona na san wuta. A gidanmu ni ake bar wa babbakar kai da ƙafa duk Babbar Sallah, balangu kuma na sha tsayawa a kansa. Ashe wannan ba gashi ba ne, ya fi kusa da banda. Nama ba ya ganin harshen wuta, zafi kaɗan ne da hayaƙi ke ratsa shi a hankali, tsakanin digiri 225 zuwa 275 a ma'aunin Faranhait, har jijiya da kitse su narke. Ke nan idonka ba shi da aiki, allurar nan ta jikin murfi ita ce idonka. To ita ce ta ci amanata.

Na sayo haƙarƙarin sa faifai biyu a shagon halal, kowane mai ƙashi uku. Gishiri da masoro kawai mutanen Texas ke barbaɗawa, ni dai na ƙara citta da tafarnuwa don zuciyata ba ta yarda ba. Ƙarfe tara na safe na ɗora. Allura ta hau 250 ta zauna daram, ko motsi ba ta yi, har na ɗauki hotonta na tura wa abokai ina cika baki. Na riga na gayyaci mutum bakwai, ciki har da wani dattijo da muke sallah tare, na ce bayan la'asar su zo da yunwarsu.

Suka zo kuwa da ita. Na ɗaga murfi, nama ya yi baƙi-baƙi mai sheƙi, ƙanshi ya cika tsakar gida. Na soka tsinke, tsinke ya lanƙwashe. Na ja ƙashi, kamar da siminti aka dasa shi. Awa takwas a kan wuta, amma da za ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Na rufe na ce saura kaɗan. Bayan rabin awa na sake cewa saura kaɗan. Dattijon nan ya gyara zama ya ce, "Malam, in san bai gama kiwo ba ne mu je mu dawo gobe." Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Baban yara, in ɗora shinkafa ne?" Ban amsa ba, ita ma ba ta jira amsar ba.

Maƙwabcina ne ya cece ni, wani tsoho ɗan asalin garin da ya daɗe yana wannan harka. Ya ga ina ta zagaye murhu kamar mai ɗawafi, ya miƙo mini nasa ma'aunin mai tsinken ƙarfe ta saman shinge. Muka ajiye shi a kan waya kusa da naman: da ƙyar ya taɓa 200. Na sama yana nan a 250 ɗinsa, ko kunya babu. Tsohon ya kwance shi, ya sa aka tafasa ruwa muka tsoma bakinsa. Ruwa a 212 yake tafasa a gari irin namu da ke dab da teku, wannan ba abin gardama ba ne. Allurar ta wuce 260. Wato tun safe ina shanya nama ne kawai a ɗumi ina jiran ya nuna.

Gaskiya ba duka laifin murhun ba ne. Na kwaso wani lissafi a intanet, awa uku a hayaƙi, biyu a naɗe, ɗaya a buɗe, ban lura an yi shi ne don haƙarƙarin alade ba, wanda sirara ne. Haƙarƙarin sa mai kauri yana cin awa takwas ko fiye ko da wutar daidai take. Na kuma cika kwano da ruwan sanyi har baki, shi ma ya danne zafin. Sannan na zuba itacen meskit da yawa, ɗan uwan ƙiryarmu ne, hayaƙinsa na da ƙarfi, har ya yi ta tuƙo fari fat kamar ana ƙona bola. Tsohon ya ce hayaƙin kirki siriri ne mai ɗan shuɗi, wanda sai ka ƙura ido za ka gan shi. Amma duk waɗannan da na gyara su tun hantsi in da allurar ta faɗa mini gaskiya.

Muka rage ruwan, muka ƙara garwashi, muka buɗe kafofin iska na ƙasa har waya ta kai 275. Cikin naman yana wajen 160 ya tsaya cak, na ce shi ke nan kuma. Tsohon ya ce haka yake yi, gumi naman ke fitarwa yana sanyaya kansa. Nan take na tuna randar ƙasa da ke tsattsafo ruwan cikinta ya yi sanyi. Muka naɗe shi a takardar alminiyam don gumin ya daina tashi. Baƙi suka ci dafa-duka da kaza, suka yi godiya irin ta mutunci, suka watse bayan magariba. Ƙanin uwargida kaɗai ya rage, ya ce ko asuba za a kai sai ya ga ƙarshen wannan sa.

Wajen tara da rabi cikinsa ya kai 203, tsinke ya shige kamar a man shanu. Na bar shi ya huta awa guda. Wallahi ban taɓa cin nama irin wannan ba. Na kama ƙashi na murɗa kaɗan, ya zare tas, ko ɗigon tsoka bai biyo shi ba. Bayansa ɓawo ne mai yaji, ƙarƙashinsa wani zobe ja-ja ya zagaye yankan, har uwargida ta ce ɗanye ne ba za ta ci ba, sai da na rantse aikin hayaƙi ne. Akwai ɗan ɗaci a gefe, wannan meskit ɗina ne. Mu uku muka tashi da faifai guda a tsaye, ba wanda ya nemi faranti. A daren nan da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba murhun ban yi tunani ba.

Da safe da na zo kwashe toka raina ya sake ɓaci. Ƙofar gefen da ake ƙara gawayi ba ta rufuwa ruf, jiya ma da takardar alminiyam na cusa ta, ga baƙin hayaƙi ya zana layi a jikin fenti. Ƙafa ɗaya tana rawa, sai da na sa mata guntun katako. Na rubuta wa masu sayarwa cewa ma'aunin kawai nake so a canja mini, abin da bai fi tafin hannu ba. Suka amsa wai in mayar da murhun gaba ɗaya cikin kwalinsa na asali. Murhun da ya sha maiƙo da toka, kwalin da yara suka riga suka yi gida da shi! Ban sake bi ta kansu ba.

Tauraro uku na ba shi, kuma ɗaya daga ciki na maƙwabcina ne. Wanda zai saya ya haɗa da ma'auni mai tsinke tun a ranar, ya kuma tsoma na murfin a tafasasshen ruwa kafin ya gayyaci kowa. Jiya a masallaci dattijon nan ya riƙe hannuna bayan sallama, ya tambaye ni ko san ya dawo daga kiwo.