GARGAƊI: Mai tallar hitar bokiti a WhatsApp ya ci min sidi 1,800, ya kusa raba ni da 'yata

Jama'ar Aboabo, Asawase, Sabon Zango da duk wanda saƙon nan ya iske, don girman Allah ku karanta. Akwai wani mutum da ke tallar hitar ɗumama ruwa a WhatsApp, yana cewa shagonsa na Adum, a nan Kumasi. Ba shi da shago, maƙaryaci ne, kuma kayansa na iya kisa. Sidi 1,800 na tura masa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuɗin adashena da na kwasa, guda goma sha biyu a kan 150 kowace.

Kafin wani ya ce ban yi bincike ba, ku saurara. Ni 'yar kasuwa ce, a Kejetia na buɗe ido, ba a sayar min da gaibu. Sai da na ce ya aiko min da samfuri, na biya daban, na kai wa ƙanina mai aikin wayarin. Ya sa mitarsa, bakinta guda a doguwar ƙafar fulogin, ɗayan a jikin ƙarfen hitar, mitar ta yi ƙara. Ya ce, "Yaya, wannan mai kyau ce, wayar ƙasarta na haɗe." To me kuma ake so in yi? Samfurin na gaske ne. Kwalin da ɗan okada ya kawo daga baya shi ne aka musanya.

Bidiyon da mai tallar ya nuna hitar a ciki ne yake ta dawo min a rai. Ya tsoma hannunsa cikin bokiti, hita na ciki, ruwa na tururi, yana dariya yana cewa, "Hajiya, wallahi ko jariri za ki iya bari kusa da ita." Wallahi fa ya ce! Ya kira ni Hajiya, ya tambayi lafiyar yara, ya ce shi ma ɗan Zango ne, ba zai cuci 'yar'uwarsa ba. Na sake kallon bidiyon har na gaji, ko sau ɗaya bai nuna soket ba. Ruwan zafi ya zuba daga wani wuri, hitar a kashe take. "Ko jariri." Da bakinsa ya faɗa, muryar na nan a wayata.

Da asubar ranar da abin ya faru ana tsananin sanyin hunturu, 'yata ta sa yatsa ta ji ko ruwan wankan makaranta ya yi ɗumi. Ihunta kawai na ji. Wuta ta fizge ta, ta faɗi, bokiti ya kife. Allah ne ya tsare, da ƙafarta na cikin ruwa a ƙasa da yanzu wani labarin ake. Mun kai ta asibiti an duba ta, tana lafiya, amma har yau ba ta yarda ta matsa kusa da bokiti. Kafin nan ma na riga na sayar wa maƙwabta guda huɗu, har da matar limaminmu. Gida-gida na bi ina karɓowa ina mayar da kuɗi daga aljihuna, fuskata kamar in tsaga ƙasa in shige. Lambarsa kuwa tun kafin ranar ta daina shiga, na ɗauka matsalar sabis ce saboda ya ce zai yi tafiya Tamale.

Ƙanina ya sa zarto ya yanka ɗaya a gabana. Ya ce hita ta gaskiya, wayar da ke yin zafi, ta nikrom, a tsakiyar bututun ƙarfe take, an danƙare kewayenta da wani farin gari na magnisiyam oksayid. Garin nan yana barin zafi ya wuce zuwa bututun, amma yana tare lantarki, shi ya sa ruwa ke tafasa ba tare da wuta ta shiga cikinsa ba. Sannan bututun a haɗe yake da doguwar ƙafar fulogi, domin in wuta ta ɓalle ta bi ta nan ta tafi ƙasa maimakon ta bi jikin mutum. Da ya karkaɗe ta mutumin nan, garin da ya zubo bai cika tafin hannu ba, wayar har ta jingina da ƙarfen a wajen lanƙwasar. Ya kwance fulogin, doguwar ƙafar ba a haɗa ta da komai ba, babu fiyus, alhali irin wannan fulogi mai ƙafa uku da fiyus mai amfiya 13 ya kamata ya zo. An rubuta wat 2,000 a jiki. A wutarmu ta bolt 230 wannan kusan amfiya 9 yake ja, amma siririyar waya aka sa mata, roba duk ta yi laushi. Ya gwada sauran da mita, ko ɗaya ba ta yi ƙara ba. Wannan aka sayar min a kan sidi 1,800, a ce in sa a gidan da yara suke!

Na je Adum da kaina, layin da ya kwatanta, masu shagunan wurin suka ce ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Na kai ƙara wajen 'yan sanda, sauran hitocin kuma zan kai wa hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa su gani. Hotunan hirarmu, rasit ɗin MoMo na 1,800 da hoton hitar da aka yanka duk suna nan, zan sa su da zarar an ba ni izini. Shi kuwa na bar shi da Allah, ban yafe ba.

Kada ku tura kuɗi sai kun buɗe kwali, kuma a gwada kowace da mita, ba samfuri kaɗai ba. Ko hita mai kyau ce, a nutsar da ƙarfenta cikin ruwa kafin a jona, kada a bar ta a kunne babu ruwa don bututun na iya tsagewa, a cire fulogi kafin a taɓa ruwan. Wanda ya sayi irin wannan a hannunsa ya daina amfani da ita yau, ya yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗa ƙararmu wuri ɗaya.