Wace fitila za ka saya don ɗaukar hoton masu rawa a situdiyo?

Ranar da na fara ɗaukar 'yan Koroso a situdiyo, na ga fuskokinsu sun fito tas, amma ƙafafun da ke sama da kacau-kacau ɗin da ke ɗaure a idon sawu sun zama hayaƙi. Na ɗora laifin a kan kyamara. Ashe fitilun da na saya da arha ne, don mai shago ya ce min wat 400 ne kowace, ni kuma ban tambayi komai bayan wannan ba.

A cikin situdiyo, ƙiftawar kyamara, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ba ita ke tsayar da motsi ba. Yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa idan suna aiki tare da filasha, kuma wannan ya yi wa mai tsalle jinkiri. Abin da ke daskarar da shi a iska shi ne gajartar walƙiyar kanta. Tun a shekarun 1930 Harold Edgerton ya nuna haka a jami'ar MIT ta Amurka, Gjon Mili kuma ya ɗauki dabarar ya riƙa ɗaukar masu rawa ga mujallar Life. Saboda haka kafin ka tambayi wat nawa, nemi tsawon walƙiya a takardar fitilar. Za ka ga t0.5 ko t0.1: t0.5 lokacin da hasken walƙiyar ke sama da rabin ƙololuwarsa ne, t0.1 kuma lokacin da yake sama da kashi ɗaya cikin goma. Kamfanoni sun fi son rubuta t0.5 don lambar ta fi burgewa, amma t0.1 ce ta fi kusa da abin da za ka gani a hoto, kuma takan ninka waccan tsawo kusan sau uku. Fitilar da aka rubuta mata 1/800 a t0.5, a aikace ba ta fi wajen 1/270 ba. Mai juyi da babbar riga ko mai wurga mayafi yana buƙatar 1/2000 ko wadda ta fi haka gajarta.

Manyan fitilun situdiyo masu arha da ake jonawa a soket suna da haske sosai, kuma ga hoton amarya zaune ko na fasfo babu abin da zai same ka. Matsalarsu a rawa ita ce tsofaffin samfura idan ka rage musu ƙarfi walƙiyarsu tsawo take ƙarawa. Ga kuma wutar NEPA. Ranar da janareta ya fara tari ana tsakiyar aiki, masu rawa sun riga sun yi gumi, ka san ka shiga uku.

Ƙaramar filashar da ake ɗora wa kyamara, irin Godox V860 ko V1, akasin haka take. Tana da na'urar da ke katse wuta nan take, don haka da ka sauke ta zuwa 1/8 ko 1/16 walƙiyar sai ta gajarce ƙwarai. Sai dai ƙarfinta bai kai wat 80 ba, kuma da ka sa ta cikin lema hasken ya ragu. Mai ƙaramin jari zai iya haɗa biyu ko uku a lema ɗaya, ya ɗaga ISO, wato yadda kyamara ke saurin kama haske, zuwa 400 ko 800, ya ɗauki mutum ɗaya lafiya lau. Ga ƙungiya ta mutum shida, za ta gaza.

Ni abin da nake ba mutane shawara shi ne masu batir na tsakiya. Godox AD200 wat 200 ce, tana shiga jaka, tana ba da walƙiya wajen 500 a cikakken ƙarfi kafin batir ya mutu, kuma idan ka rage ta walƙiyarta na fin 1/10000 gajarta. AD600Pro ta ninka ta uku a ƙarfi, tana sake cika cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wannan sake cikar kada ka raina ta: mai rawa ba zai tsaya a sama ya jira fitilarka ba. Dabarar ita ce ka sayi mai ƙarfin da ya fi buƙatarka, ka riƙa aiki da ita a rubu'in ƙarfinta. Fitilun kamfanin Profoto na yin duk wannan da inganci, amma kuɗin guda ɗaya zai haɗa maka Godox da yawa.

Mai shago zai yi maka tallar HSS, wato tsarin da ke ba filasha damar aiki da ƙiftawar da ta fi 1/250 sauri. A rana tana da amfani, a situdiyo kuwa cinye maka haske kawai za ta yi.

Fitilar LED mai ci gaba da haske ta fi dacewa da mai haɗa hoto da bidiyo. Da ita kaɗai sai ka kai ƙiftawa 1/1000, ISO ya hau, hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, masu arha kuma suna zana layuka a hoto. Inda take burge ni shi ne idan an haɗa ta da filasha: ka buɗe kyamara rabin daƙiƙa, ka saita filasha ta tashi a ƙarshen ƙiftawa, LED ta zana sawun hannu da zani, filasha ta tsayar da fuska.

Ranar saye, tafi da kyamararka da yaro ɗaya. Ka sa a rage hasken shagon, yaron ya yi tsalle yana kaɗa hannu, ka ɗauka a cikakken ƙarfi da rabi da 1/8, sannan ka zuƙo hoton ka duba yatsunsa.