Sharhi kan kwas ɗin shugabanci da dokokin teku da na halarta a Legas

Kwas ɗin ya ci kuɗinsa, kuma zan tura duk ma'aikacin da aikinsa ya shafi tashar jiragen ruwa, kwastam ko sufurin kaya ya je ya yi shi. Sai dai akwai wani babban giɓi da masu shirya shi suka bari, kuma mu 'yan Arewa ya fi shafa.

Wata cibiyar horo ce mai zaman kanta ta shirya shi domin ma'aikata masu matsakaicin muƙami. A ajinmu akwai hafsoshin sojan ruwa, jami'an kwastam, lauyoyi, da irina masu aikin sufurin kwantena zuwa tashoshin tsandauri, wato tashoshin sauke kayan jiragen ruwa da ke can cikin ƙasa nesa da teku. An fara da tushe: Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, wadda ta fara aiki a 1994. Ita ce ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta a matsayin mallakinta, da mil 200 da take da ikon cin arzikinsu, kifi ne ko mai. Daga nan aka bi ta kan dokokin IMO, hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya mai hedikwata a Landan, wato SOLAS ta kare rayuka, MARPOL ta hana gurɓata ruwa, da ƙa'idar tsaron tashoshi ta ISPS da ta fara aiki a 2004. Wannan ɓangaren karatu ne zalla, kuma lauyar da ta koyar da shi ta san aikinta.

Inda kwas ɗin ya yi armashi shi ne ranar atisaye. Wani tsohon hafsan sojan ruwa ya shimfiɗa taswirar Mashigin Tekun Gini a kan tebur, ya rarraba mu rukuni-rukuni, wasu Togo, wasu Benin, wasu Najeriya. Ya ɗora murfin biro a kan ruwan Lome ya ce jirgin dakon mai ne, 'yan fashi sun hau shi, sun nufi gabas. Rukunin Togo suka bi shi a guje har ya shiga ruwan Benin. Nan ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, tsaya. Wa ya ba ka izinin shiga ruwan maƙwabci?" Doka ta ce bin sawun jirgi yana ƙarewa da zarar ya shiga cikin mil 12 na wata ƙasa. Muka tsaya cirko-cirko muna gardamar wa zai kira wa, shi kuma yana ta tura murfin biron da yatsa har ya kai shi bakin Neja Delta.

Bayan mun ji a jikinmu ne ya kawo maganar Yarjejeniyar Yawunde ta 2013, wadda ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka sanya wa hannu domin musayar bayanai da toshe irin wannan kafa. Ya kuma nuna mana cewa kafin dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da ake kira SPOMO, Najeriya ba ta da doka takamaimai ta hukunta fashin teku, sai a kama mutum a rasa laifin da za a tuhume shi da shi. Na daɗe ina jin sunan waɗannan takardu a taruka, amma a teburin nan na gane amfaninsu. Na kuma gane cewa shugabanci a wannan fanni yawanci iya haɗa kan hukumomi ne. NIMASA mai kula da sufuri da tsaron lafiyar jiragen ruwa, da sojan ruwa, da NPA mai kula da tashoshin jiragen ruwa, da kwastam kowa na da nasa hurumin, kuma ɗan fashi ba ya jiran a gama rubuta wasiƙa.

Shi kuwa darasin da suka sa wa suna horon shugabanci, bai gamsar da ni ba. Misalansa duk na kamfanonin Amurka ne, babu ko ɗaya daga tashar Apapa ko Tin Can, alhali a ɗakin akwai mutanen da suka shekara da shekaru suna fama da cunkoson tireloli a can. Da an bar su sun yi magana da mun fi ƙaruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi kamar ruwan Najeriya ya ƙare a gaɓar teku. Kogin Neja da Binuwai ba su samu ko zama ɗaya ba, haka ma NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da ke Lokoja. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nitse da ɗimbin fasinjoji a yankin Wara ta jihar Kebbi, a watan Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki. Dalilan kowa ya san su: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, babu rigar kariya. Wannan ma aikin doka ne da sa ido, kuma tunda aka kafa Ma'aikatar Harkokin Ruwa da Tattalin Arzikin Teku a 2023, kogunan nan suna ƙarƙashinta. Da na tayar da maganar, malamin ya amsa cewa gaskiya ne, amma ba ta cikin manhaja.

Haka aka tsallake batun tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala a Kano da Funtuwa, da haƙƙin da yarjejeniyar 1982 ta ba ƙasashen da ba su da gaɓar teku, irin su Nijar da Chadi, na ratsa ƙasar maƙwabta da kayansu. Ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa ke sauka a Kwatano ko Lome yana cikin wannan lissafin.

Masauki da abinci babu laifi, kuɗin dai da ɗan tsada idan ba ofis ne zai biya ba. Wanda zai je ya karanta Babi na 10 (Part X) na yarjejeniyar 1982, mai magana kan haƙƙin ƙasashen da ba su da gaɓar teku, kafin ya tafi, ya kuma tambayi masu shiryawa tun kafin ya biya ko sun saka darasin koguna a manhajar bana.