Sharhi kan darussan Ingilishi na hutun damina ga 'yan firamare a Tawa

A hutun damina da ya wuce na sanya 'yata, wadda ta gama ajin CM1, wato aji biyar na firamare, da ɗan ƙanena da nake riƙo, wanda ya gama CE1, wato aji uku, a wani shirin koyar da Ingilishi da wasu malamai suka buɗe cikin ajujuwan wata makaranta mai zaman kanta a nan Tawa. Takardar da suka raba a unguwa ta ce za a koyar ta hanyar wasa da waƙa da aikin hannu, ta kuma yi alkawarin cewa kafin komawa makaranta a watan Oktoba yaro zai riƙa magana da Ingilishi. Kuɗin kowane yaro jika goma ne a wata, wato sefa 10,000, ban da na ɗan littafin da ake sayarwa a wurin, kuma ana zama ne da hantsi daga Litinin zuwa Alhamis, bayan yara sun taso daga makarantar allo. Abin da na gani shi ne shirin ya yi aiki sosai a kunne da bakin yaro, ya gaza a wajen rubutu, kuma amfaninsa ya dogara ƙwarai ga shekarun yaron da aka kai.

Ba abin mamaki ba ne yadda iyaye suka yi tururuwa. A makarantun gwamnati yaro yana yin shekaru shida na firamare, daga CI har CM2, da wuya ya ji kalmar Ingilishi a aji, sai ya shiga koleji ya tarar da shi a matsayin darasin da zai bi shi har jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji. Ga kuma kundin sake fasalin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mu mutanen Adar ma ba mu jira kundi ya faɗa mana ba, domin daga Ƙonni ana ƙetarawa Illela ta Nijeriya ne kai tsaye, kuma babu gidan da ba shi da ɗan kasuwa ko ɗan cin rani ko ɗalibi da ya taɓa tsayawa a gaban takardar da aka rubuta da Ingilishi ya rasa mai karanta masa.

Malamai biyu ne suka riƙe ajin da yarana suke. Ta farko matashiya ce da ta yi karatu a Sakkwato, kuma ita ce ƙashin bayan shirin. A makonnin farko ba ta bari kowa ya buɗe kaye ba. Takan ba da umarni da Ingilishi, ta aikata abin da ta faɗa, yara su kwaikwaye ta: a miƙe, a zauna, a taɓa kai, a nufi ƙofa, a ɗauko alli a ɗora a kan tebur. Ba ta tilasta wa kowa magana, sai wanda bakinsa ya buɗe da kansa ta miƙa masa jagorancin wasan, ya zama shi ke ba 'yan'uwansa umarni. Wannan tsohuwar hanya ce, wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke mai suna James Asher ya fito da ita tun a shekarun 1960, bisa lura da cewa yaro yana fahimtar harshe ya amsa da jikinsa tun kafin ya iya furta shi. Na san da ita a takarda, amma ban taɓa ganin an yi ta da kyau kamar yadda wannan malama ta yi ba, musamman da yake ba ta jin kunyar komawa Hausa ta yi bayani a jimla ɗaya idan ta ga fuskokin yara sun ɗaure, sannan ta ci gaba.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na kasuwa, wanda na zauna a bayan aji na kalla da izininta. An jera tebura biyu, an baza albasar Galmi da gwangwanayen tumatir da babu komai a ciki da sabulu da ƙullin gishiri, an yanka takardu an rubuta musu adadin kuɗi. Yaro ɗaya mai sayarwa, ɗaya mai saye, kuma dole a yi gaisuwa, a tambayi farashi, a nemi ragi, a ƙirga canji, duka da Ingilishi. Nan take wata matsala ta fito da babu littafin da aka rubuta a Landan zai hango ta. Yaranmu da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin ne a bakinsu, na 500 kuma dala ɗari. Wani yaro ya ɗaga takardar 500 ya ce ɗari da Ingilishi, mai sayarwa ya karɓa ba musu, domin shi ma haka yake gani, sai wata yarinya daga gefe ta ce, "Madam, ai shi da dala yake faɗi!" Malamar ba ta tsawata ba. Ta zana layi uku a allo, na dala da na adadin da ke jikin kuɗin da na yadda ake faɗinsa da Ingilishi, aka shafe sauran lokacin ana juya kuɗi daga wannan layi zuwa wancan. A ranar yaran sun koyi lissafi fiye da yadda aka yi niyya, kuma lambobin Ingilishi sun zauna musu daram, har da bambancin 13 da 30, da 14 da 40, wanda ta koyar da tafi, ana buga hannu a gaɓar da murya take nauyi.

Ta kuma san inda harshenmu yake tuntuɓe. Ingilishi yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai wajen 44, kuma wasu daga cikinsu babu su a Hausa ko a Faransanci. Ɗan Adar da ya saba cewa "tahi" da "hwara" ba ya raba sautin p da na f cikin sauƙi, don haka ta sa kowane yaro ya riƙe guntuwar takarda a gaban leɓensa, idan ya furta p daidai iska ta kaɗa ta gaba ɗaya, idan f ne haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Haka ta yi fama da ɗabi'armu ta cusa wasali a tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu a farkon kalma, da kuma ɗabi'ar da Faransanci ya koya musu ta haɗiye h da baƙin ƙarshe. Ba zan ce an gyara komai ba, amma 'yata ta fara jin bambancin, tana ma gyara kanta.

An kuma sa kowane yaro ya shuka wake a gwangwani ya kai gida, duk mako ya zo ya faɗi abin da ya gani a jimla biyu ko uku. Aiki ne mai arha da ya dace da lokacin, kuma ya sa ana maganar darasin a tsakar gida.

Inda shirin ya karkace shi ne lokacin da aka shiga rubutu, wanda malami na biyu ya riƙe. Dattijo ne mai ladabi, ya daɗe yana koyarwa a koleji, kuma yadda yake yi wa 'yan koleji haka ya yi wa waɗannan ƙanana: ya cika allo da jerin siffofin aikatau, ya yi bayani da Faransanci, ya ce a kwafa a haddace. Ga 'yata abin ya zo da gundura kawai, domin karatunta na Faransanci ya riga ya kafu. Ga ɗan ƙanena kuwa ya zo da ɓarna. Yaro ne da Hausa kaɗai yake ji a gida, wanda bai daɗe da fara haɗa baƙi da wasali a harshen da ba ya magana da shi ba, sai ga shi an ce masa harafin da ya sani da suna i yanzu sunan e ne, i kuma ya koma "ai", sunayen g da j sun yi musanya, "ch" da "ou" kuma kowanne ya sake murya. Wata rana da dare na ba shi tsohon littafinsa na CE1 ya karanta mini, sai na ji yana tsayawa a kalmomin da a da yake wucewa a guje, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wannan da na lakwal zan faɗe shi ko da na Madam?" Da na kai maganar ga malamin, ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa, amma iyaye da yawa idan ba su ga kaye cike da rubutu ba sai su ce an ci kuɗinsu." Na yarda akwai irin waɗannan iyaye, sai dai a ganina aikin masu shirin ne su yi musu bayani tun ranar rajista, ba su biye musu a kan abin da zai rikita yaro ba. Daga nan na roƙi a bar shi a wasannin baka kawai, aka kuma amince.

Ɗan littafin da aka sayar mana bai cancanci kuɗinsa ba. Shafuka ne da aka kwaso daga wurare daban-daban aka yi musu fotokofi, wasu sun dushe har ba a gane hoton, kuma darasin yanayi yana maganar dusar ƙanƙara da rigar sanyi mai gashi ga yaran da suka san damina da kaka da ɗari da bazara. Malamar da kanta ta ajiye shi gefe ta riƙa zana nata hotunan.

Akwai kuma sakaci a tsari. An fara da aji madaidaici, amma aka ci gaba da karɓar duk wanda ya zo da kuɗi har benci ya cika, aka gwama ɗan CP, wato aji biyu, da ɗan CM2 wuri ɗaya, alhali darasin da ya ginu a kan kowa ya buɗe baki ba ya jure cunkoso. Ranakun da aka tashi da ruwa ba a yi karatu ba, ba a kuma rama ba, duk da cewa wanda ya buɗe makaranta a watan Agusta ya san za a yi ruwa, ya kuma san lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da yara kan kwanta su rasa kwanaki. Abin da ya ɗan rage asarar shi ne saƙon murya da malamar take turawa iyaye ta WhatsApp a ƙarshen kowane mako, inda take maimaita kalmomi da waƙar makon a hankali. Ko uwar da ba ta yi boko ba tana iya kunna wa ɗanta shi, kuma a gidana kakar yaran ce ta fi kowa tsare wannan aiki.

Bikin rufewa bai gamsar da ni ba, ko da yake an yi tafi da guɗa. An ba yara dogayen jawabai sun haddace, suka zuba su kamar aku, kuma na tabbata da an tsayar da ɗayansu an tambaye shi ma'anar jimlarsa ta biyu da ya yi shiru. Da an sake baza kasuwar nan a gaban iyaye, an bar uban yaro ya zo sayen albasa, da an nuna ainihin abin da aka koya. Alkawarin takardar talla ma bai cika ba, kuma bai kamata a yi shi ba tun farko, domin babu yaron da zai iya harshe a hutu ɗaya. Abin da 'yata ta fito da shi shi ne gaisuwa, da gabatar da kanta da iyalinta, da ƙirge, da launuka da sassan jiki da kayan aji, da bin umarni ba tare da an fassara mata ba, da kuma rashin tsoron buɗe baki, wanda ni nake ganin shi ya fi sauran daraja ga mai shirin shiga koleji.

Saboda haka ga yaron CM1 ko CM2 da ya riga ya iya karatun Faransanci ba gargada, jika goma a wata ba asara ba ce, muddin akwai malami irin wannan matashiya a ajin. Ga na ƙasa da haka, sai uba ya tambaya tun kafin ya biya ko za a ware ƙanana a ajinsu, ko kuma za a sa su rubutu, ya kuma tambayi iyakar yawan yaran da za a karɓa da yadda za a rama ranakun ruwa. Masu shirin sun ce za su riƙa yin zama ɗaya kowace Asabar a cikin shekarar karatu, tunda daga Oktoba babu inda yaran za su sake jin Ingilishi a aji. Na rubuta sunan 'yata bisa sharaɗin cewa malamar ce za ta riƙe ajin, ɗan ƙanena kuwa zai dakata sai ya gama CE2, wato aji huɗu.