Rigar Sanyi a Kano: Gwanjo, Sabuwa, Ko Ka Bari Sai Ka Sauka Can?

Kafin ka shiga kasuwa neman rigar sanyi, ka fara tsayar da magana ɗaya: wane sanyin za ka tara? Na Kano ne, ko na ƙasar da kake shirin zuwa karatu ko fatauci? A nan yawancin mutane ke zubar da kuɗinsu, domin rigar da ke maganin hunturun Disamba a Fagge ba za ta fisshe ka a Mosko ba, wadda kuma aka ɗinka don Mosko, in ka sa ta a nan, kafin hantsi ka jiƙe sharkaf da gumi.

Sanyinmu busasshe ne. Iska ce ke busowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Sahara, ta fara a Nuwamba, ta yi ƙamari daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, sannan ta sassauta cikin Fabrairu. Da asuba ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 ko 13, wani daren ma ya kusa 10, amma da azahar sai ka ga ya doshi 30. Wato a yini guda za ka sha muku-muku, ka kuma sha rana. Saboda haka abin da Bakano ke buƙata shi ne rigar da za ta tare iska, wadda kuma zai iya tuɓewa ya naɗe ba tare da ta zame masa kaya ba. Kauri ba shi ne kan gaba ba.

Suwaita ce kowa ya fi sani, amma suwaita suna ta tara. Ta ulu na gaskiya tana riƙe ɗumi ko da siririya ce, ba ta saurin ɗaukar warin gumi, tana kuma daɗewa. Ta akirilik, wato zaren roba, wadda ita ce ta cika kasuwa, tana da araha da sauƙin wanki, sai dai bayan 'yan makonni za ka ga ta fara ƙulle-ƙullen zare a ƙirji da hamata, wuyanta ya saki. A wannan bushewar kuma tana tartsatsi a jiki in an zo cire ta. Ka duba 'yar takardar da ke ɗinke ta ciki, wajen kwiɓi, can ake rubuta kason kowane zare. Ulu 50 cikin 100 zuwa sama ya yi kyau. In takardar ta goge, ka roƙi mai kaya ya bari ka tsinko ɗan silin zare daga ciki ka kanga masa ashana: ulu zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri. Aibin suwaita ɗaya ne, ko ta ulu ce: saƙa ce, iska na ratsa ta. Mai tafiya masallaci da ƙafa za ta ishe shi. Wanda zai hau babur daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai da ƙarfe shida na safe ba za ta yi masa komai ba.

Shi wannan, da direban adaidaita sahu, da mai gadi, jaket marar nauyi mai bayan leda suke buƙata a kan suwaita. Ni a ganina wannan haɗin ya fi kowace riga guda ɗaya dacewa da Kano, ya kuma fi araha. Ledar ta tare iska da ƙura, suwaitar ta riƙe ɗumi, rana na ɗagawa ka cire ta saman. Ka nemi mai wuya tsaye da zif ɗinsa ke kaiwa haɓa, mai roba a bakin hannu da ƙugu, don ta nan iska ke kutsawa. Launi mai duhu ya fi ɓoye ƙura, amma mai fita kan titi cikin hazo gara ya samu mai ɗan ratsin da ke ƙyalli in fitila ta haska shi.

Jaket mai kumburi, wanda matasa ke yayi yanzu, iri biyu ne a ciki. Akwai mai gashin agwagwa ko na dinya, akwai mai audugar roba. Mai gashi ya fi ɗumi, ba shi da nauyi, yana matsuwa ya shige ƙaramar jaka. A jikinsa akan rubuta lamba kamar 550, 700 ko 800, wadda ke nuna yadda gashin ke kumbura. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ɗumin da za ka samu a nauyi iri ɗaya. Akan kuma rubuta 80/20 ko 90/10, wato kason lallausan gashi da na fiffike. Matsalarsa ruwa: ya jiƙe, ya kwanta, ɗumin ya tafi. Mai audugar roba ya fi jure jiƙa da wanki, ya fi sauƙin kuɗi, amma da shekaru audugar kan daskare. Don zaman Kano, siriri ko marar hannu ya wadatar. Manyan nan masu kai wa gwiwa ado ne kawai a nan, kuma ado mai tsada.

Jaket ɗin fata yana tare iska sosai, amma a yi hattara. Yawancin abin da ake kira fata a shaguna roba ce aka shafa a kan yadi, kuma zafin Afrilu kaɗai ya isa ya sa ta fara ɓarewa a wuya da kafaɗa tun tana rataye. A garin majema kamar Kano bai kamata a sayar mana da roba da sunan fata ba. Ka shinshina, ka kuma duba bayanta ta wajen ɗinki: fata ta gaskiya bayanta gashi-gashi ne, ta bogi kuwa za ka ga saƙar yadi.

Sai maganar tufafinmu. Jaket a kan kaftani ba kowa yake yi wa kyau ba, kuma babu mai sa shi a kan babbar riga. Mafita ita ce a sa ɗumin daga ciki: siririyar riga mai dogon hannu mai kama jiki, da dogon wando irinta a ƙarƙashin na shadda, ko falmaran ɗin ulu. Ga mata ma haka, ta ciki mai kama jiki sannan doguwar suwaita mai buɗaɗɗen gaba da za ta zauna lafiya ƙarƙashin hijabi ko kan abaya. Mai kumburi a ƙarƙashin hijabi takura ce, musamman wajen alwala, don hannunta ba ya naɗuwa. Yara kuma a saya musu biyu masu matsakaicin kuɗi maimakon guda mai tsada, a ƙara da hular da ke rufe kunne da safa, don wankin yau ba lallai ya kai ga makarantar gobe ba.

To ina za a saya? Masu neman inganci da kuɗi kaɗan, Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ce ta fi. Kayan an ɗinka su ne don mutanen ƙasashen sanyi, shi ya sa gwanjo lamba ɗaya kan fi sabuwa mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Sirrin shi ne ka san ranar da mai kaya zai fasa dila. Da an yanke igiyar, kaya su buɗe, masu sari za su yi caa, kafin ka ankara an tsince na kirki. Ka yi sabo da mutum ɗaya, ka ce masa, "Malam, in ka fasa ta jaket ka taɓa ni." In ka ɗauki riga, kada ka tsaya kallon sunan kamfani a ƙirji. Ka juya ta ciki waje. Ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ka duba kansa, in an buga YKK, sunan wani kamfanin zif, alama ce mai kyau. Ka zura hannu har ƙasan aljihu, ka duba hamata da bakin hannu, nan ne tsufa ke fara nunawa. In mai kumburi ce, ka ɗaga ta saitin rana: duk inda haske ya ratsa sosai, cikin ya zube ko ya taru gefe guda. Ta ulu kuma ka nemi ƙananan hujojin da asu ya ci. Kowane aibi ka gani, ka nuna shi a fili kafin ka yi tayi, ko da zai fara ce maka albarka.

Sababbi kuwa akwai su jingim a Kasuwar Sabon Gari da wasu layukan Kantin Kwari, mafi yawa daga Sin da Turkiyya. Amfaninsu ka zaɓi launi da girman da kake so, ka kuma saya wa yara iri ɗaya. Sai dai ma'aunin Sin ƙarami ne, don haka ka gwada, kuma ka gwada ta a kan abin da za ka riƙa sawa a ciki, ka ɗaga hannu sama ka ga ko ƙugu zai buɗe. Shagunan zamani irin na Ado Bayero Mall suna da wurin gwaji da kwanciyar hankali, amma babu ciniki. Masu sayarwa ta Instagram da WhatsApp kuma ka nemi bidiyon rigar a hannunsu da awon ƙirji da tsawo, ku kuma yi magana kan musanya kafin ka tura kuɗi. Ko ina za ka saya, Oktoba ta fi Disamba sauƙi, don da hazo ya sauka farashi ke tashi.

Matafiyi lissafinsa daban. Ingila sanyinta bai cika wuce ƙasa da sifili sosai ba, ruwa da iska ne fitinarta, saboda haka riga mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa ta fi mai gashin agwagwa zalla amfani. In ka ga an rubuta 10,000mm a takardarta, wato ma'aunin tare ruwa, ko tambarin Gore-Tex na gaske, wani yadi da ruwa ba ya ratsawa, za ta jure ruwa. Kanada da Rasha kuwa ana iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili, wasu garuruwan ma fiye, can sai doguwa mai rufe cinya, da takalmi mai ɗumi, da safar hannu. Kuma kada a sa rigar auduga a jikin fata, don tana shan gumi ta riƙe, ta koma ita ke sanyaya ka. Ɗalibin da zai sauka a Satumba ya sayi matsakaiciya a nan, ya bari sai ya ga abin da 'yan gari ke sawa ya sayi babbar, ga shagunan kayan hannu a ko'ina, ga ragin farashi da ake yi a Ingila da Kanada daga 26 ga Disamba. Wanda zai sauka a Janairu ba shi da wannan damar, dole ya nemi ta gaske tun daga Kano, ya kuma riƙe ta a hannu cikin jirgi, kada ta cinye masa kilo 23 na akwati, kada kuma ya fita filin jirgi ba ta jikinsa. Mai zuwa Umara cikin hunturu jaket ɗin Kano ya ishe shi daren Madina, amma namiji ya tuna ba zai sa shi cikin harami ba, sai dai ya yafa bargo marar nauyi a kafaɗa ba tare da rufe kai ba.

Duk gwanjon da ka kawo gida, a wanke shi kafin ya taɓa jiki, balle jikin yaro. Ulu da ruwan sanyi ake wanke shi, ba a murɗawa, a shimfiɗe ake shanya shi, in ba haka ba ya tsuke ko ya zazzago. Mai gashin agwagwa a bar shi ya bushe ƙarau, ana yi ana bubbuga shi don gashin ya warware. In sanyi ya wuce cikin Maris, a sake wankewa kafin a adana, a sa kafur cikin na ulu, mai kumburi kuma a rataye shi maimakon a danne shi ƙarƙashin akwati.