Gyaran Tsofaffin Masaukan Itace: Cikon Ƙaro ko Sabon Gungume?

Masaukai irin Old Faithful Inn, wanda aka buɗe a gandun dajin Yellowstone na Amurka a 1904, da gungumen itace aka gina su, kuma dusar ƙanƙara kan ruɓar da na ƙasa. Wasu masu gyara kan kankare ruɓar su cike gurbin da ƙaron ifoksi, wani ƙaron masana'anta da ke daskarewa ya yi tauri. Akwai sauri, kuma tsohon itacen yana nan. Sai dai ƙaron ba ya kumbura ko motsewa tare da itace, laima kan maƙale a bayansa, ruɓa ta ci gaba a ɓoye.

Ni na fi son a ɗaga bangon da jak, a yanke ruɓaɓɓen, a maye gurbinsa da sabon gungume na itace irin na asali. Akwai tsada, gwanin kafinta ma sai an nema, amma gungumen da ke ɗauke da nauyin rufi bai kamata a bar shi da ciko ba.